Tazarar Yatsa Biyu

A Valdivia ruwan sama ba ya sallama,
shigowa yake kamar ɗan gida.
Mu huɗu ne, duk ranar Asabar,
a gindin gada, bakin kogi,
jaka a kafaɗa, takalma sharkaf.

Nibaldo ne babbanmu.
Shekara arba'in yana gyaran agogo,
ya saba da duniyar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba.
Shi ya fara ɗaura mini gilashin kusa a bakin kyamara,
tsohon gilashi mai nauyi,
fentinsa ya goge a inda babban yatsa ke zama.
Ya ce, "Durƙusa, Ximena. Ƙara.
Wanda bai ɓata gwiwar wandonsa ba,
bai ga komai ba."

Na durƙusa.
Gansakukar da nake takawa tun ina yarinya
ta zama kurmi, da rassa, da inuwa,
tururuwa na ratsa shi da guzuri a baki.
Ɗigon ruwa guda ya haɗiye gadar nan duka,
ya kifar da ita ƙafa sama.

Eleuterio sarkin musu ne.
Ya ce haske ya fi gilashi,
Fresia ta ce haƙuri ya fi su duka.
Shekara uku suna ja-in-ja kan hoton katantanwa ɗaya,
don ranar sun yi musayar kyamara,
kowa ya rantse shi ya danna.

Ga abin da gilashin ya koya mini:
in ka matso ƙwarai,
abin da zai fito sarai bai fi kaurin gashi ba,
sauran sai ka karɓe shi a dushe.
Ban san abin da ya raba Eleuterio da garinsu ba.
Na san yadda yake riƙe numfashi,
da yadda kunnensa ke ja in hoto ya yi kyau.

Bara hannun Nibaldo ya fara rawa.
A tazarar yatsa biyu
bugun zuciya ma girgizar ƙasa ne,
kuma garin nan ya san girgizar ƙasa.
Asabar uku ba mu gan shi ba.
A ta huɗu ya zo da gilashin a naɗe cikin safa,
ya miƙo, idonsa a kan kogi.
Eleuterio ya ce, "Mayar da kayanka.
Wa ya mutu da za a raba gado?"

Sai muka zama duwatsun murhu.
Fresia ta kare iska da laima,
Eleuterio ya zube cikin taɓo ya ba da kafaɗa,
ni na tallabi gwiwar hannu, ina ƙirga a hankali,
ɗaya, biyu,
a uku kowa ya daina numfashi.

Ƙudan zuma ne, sanyi ya kama shi,
yana barci cikin jan fure.
Sau ashirin da bakwai aka danna.
Ashirin da shida hazo ne kawai.
A ɗayan, gefen fiffike ya fito,
da garin fure ƙwaya biyar a kan ƙafa.

Nibaldo ya daɗe yana kallo,
ya ce, "Ya karkace."
Gaskiya ne, ya karkace.

Yanzu yana rataye a shagon burodin Fresia,
sama da sikeli, babu suna a ƙasa.
Masu saye kan tambaya wa ya ɗauka.
Ita kuwa sai ta ce, "Burodi nawa za a ba ka?"
Har yau tabon taɓo bai fita daga wandon Eleuterio ba,
kuma shi yake sakawa duk Asabar.